Ranar da Na Ce Yayana Ba Shi da Kowa

Na san a wace siga labarin nan ya iso kunnuwanku, domin ni ma ya iso nawa bayan ya zaga gidajen suna da na biki ya ƙaro gishiri. An ce muku Baffa Isa ya tsaya gaban likitoci a Doha, yayansa na kwance yana ji, ya ce mutumin nan ba shi da kowa. To, ban ɗauki alƙalami don in ƙaryata ba. Na faɗa. Abin da nake so, ku 'ya'yana da ku 'ya'yan Yaya Garba, shi ne ku ji tambayar da aka yi mini kafin ku yanke wa amsar hukunci. Na yi shekaru ina koyar da nahawu a sakandare, kuma gargaɗina ga ɗalibai ranar jarrabawa ɗaya ne, a karanta tambaya tukuna. Sai da na girma na gane dangi ba sa duba tambaya. Amsa kawai suke gani, su ja jan biro.

Yaya Garba ne ya kai ni Qatar. Ya riga ni zuwa da daɗewa, yana tuƙa bas ɗin da ke kai leburori Lusail tun wurin yana yashi da ƙarafa, ba a san zai zama gari ba. Lokacin da albashin malanta ya koma kamar jinjirin watan azumi, kowa ya ɗaga kai sama yana jiran a ce an gani, sai ya nema mini biza. Na zama mai gadi a wani dogon bene a unguwar West Bay da ke Doha. Mutumin da aji guda ke miƙewa in ya shigo, ya koma shi ke miƙewa yana buɗe wa sa'o'in 'ya'yansa ƙofar gilashi. Ban yi ƙorafi ba, don aikin yana barin mutum ya yi karatu a tsaye. Ranar Juma'a muke haɗuwa da Yaya, mu yi salla, mu ci shinkafar 'yan Pakistan a faranti ɗaya, sannan ya kira gida. Matarsa, Yaya Asabe, abokiyar wasana ce tun ranar da aka kawo ta gidanmu ina ɗan makaranta. Ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Malam Nahawu, har yanzu kana gadin? Ɓarawon da ya zo, da me za ka kore shi, da karin magana?"

"Da girkinki zan kore shi, Yaya. Loma ɗaya ya isa."

"Ka ji ɗan banza! Maigida, ka bar shi yana ci mini fuska a ƙasar mutane?"

Shi kuwa sai dariya, har ya riƙe ciki. Haka muke.

Hawan jini ya daɗe yana binsa, shi kuma yana maganinsa da tafarnuwa da "Allah na nan". Wata safiya ya sauke ma'aikata a Lusail, ya nemi ɗaga ƙafarsa daga kan birki, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Kafin a kira ni motar asibiti ta riga ta ɗauke shi. Ya yi makonni a ɗakin da ba a barin kowa ya zauna. Da ya fito, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi, an huda masa maƙogwaro an sa bututu don numfashi, an sa wata roba a ciki don abinci. Idanunsa kaɗai suka rage kamar da, suna bin mutum duk inda ya juya. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Na sha rubuta wannan a allo ina neman ɗalibai su yi sharhi. Ban san za a kawo mini shi a aikace ba, a ce ga rabin ya tafi, kai ne sauran.

Ranar da aka mai da shi sashen masu doguwar jinya, sai na yi abin da kowane ɗan gidan mutunci zai yi. Na ɗauki hutu, na naɗe tabarma, na haɗa buta da bokiti da fulas da sabulu, na nufi asibiti zan tare a gindin gado. Wani abokin ɗakinmu, Fuseini, mutumin Zangon Kumasi da ke aikin ɗaukar kaya a filin jirgi, ya tare ni a bakin ƙofa. Hausarsa irin ta can ce, wadda ba ta raba mace da namiji, abin da ya sa kunnena na malamin nahawu ya sha wuya a ɗakin nan.

"Malam, ina zuwa da bokiti? Ka samu kwangilar wanke asibiti?"

"Jinya zan yi."

"Wane jinya? Nas ya na nan, shi ne zai yi komai. Za su kore ka da tabarman ka, wallahi. Yalla, aje kaya."

Ban ji maganarsa ba. Nas ɗin da na tarar, 'yar ƙasar Filifin, ta dubi tabarmar, ta dube ni, ta tambaye ni cikin ladabi ko masallaci nake nema.

Ku da kuka taso a gida kun san dalilin bokitin. A Hausa kalmar jinya ɗaya ce ga mai ciwo da mai kula da shi, har majinyaci ma kan ɗauki ma'ana biyun, kuma ban ga laifin harshen ba, gaskiya ya faɗa: in mutum ɗaya ya kwanta a wurinmu, mutum biyu ne suka kwanta. Na gani da idona a jinyar Inna, kakarku. Asibitin garinmu an buɗe shi da almakashi da maroƙa, gini mai kyau, fenti har da na ado. Gwamnati ta ba da bango da rufi, ta bar mana sauran. Mu ne ruwa, mu ne fitila, mu ne allura da safar hannu. Ƙanwarmu Talatu ta bar ɗakinta ta tare a ƙarƙashin gadon Inna har damina ta wuce, ta fito da ciwon baya wanda ya raka ta kabari. Duk da haka bayan Inna ya ɓarke da gyambon kwanciya, don mace ɗaya ba ta iya juya babban mutum ita kaɗai dare da rana. Mu maza muna zuwa da yamma da lemo a leda, mu ce sannu, mu ce Allah ya sa kaffara ne, mu tafi. Daga baya aka yi ta yabonmu a gari, wai 'ya'yan Inna sun yi mata jinya ta gani ta faɗa.

A sashen da aka kwantar da Yaya Garba kuwa, katifar ma da kanta take motsi. Ana juya shi a kan lokaci, a wanke shi, a shafe shi da mai, mai gashin ƙashi ya zo ya miƙe masa gaɓoɓi. A jikin bango akwai wata na'ura mai zuƙe majina daga bututun maƙogwaronsa, domin ba ya iya tari da kansa. In majinar ta taru ba a zuƙe ba, numfashi ya tsaya, iyakar bayanin ke nan. Duk wannan hukuma ce ke ɗauke da shi, ga direban bas, baƙo. Kada ku ce na mai da Qatar aljanna. Na ga inda leburori ke kwana, na san abin da kalmar kafil, wato uban gidan da ya tsaya maka a biza, take nufi ga wanda fasfonsa ba ya aljihunsa. Amma a wannan abu ɗaya, wani ya zauna ya yi tunanin cewa akwai ciwon da ba ya kisa kuma ba ya warkewa, ya ware masa gado da ma'aikata daga baitulmali. Mu a wurinmu an bar wannan babin ga mata da Allah.

Sai waya ta fara daga gida. Kawu ya kira, limamin unguwa ya kira, har waɗanda ba su taɓa tambayar ko Yaya yana raye ba suka samo lambata. Magana ɗaya ce, a kawo shi gida, naka sai naka, ba a barin mutum a hannun baƙi. Na lura duk masu faɗar haka da ƙarfi maza ne, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa ɗaukar tasar kashi. Na sa Nura, babban ɗan Yaya, wanda a lokacin ya gama difloma yana neman aiki, ya je asibitin garinmu ya tambayo mini abu ɗaya, ko suna da na'urar zuƙe majina.

"Baffa, sun ce akwai."

"Ka gan ta?"

"Tana sito. Mai makullin ya tafi ta'aziyya."

"Tana aiki?"

"Sun ce in akwai wuta."

"Akwai wutar?"

Sai ya ce, "Baffa, kai fa komai sai ka mai da shi jarrabawa. Babanmu ne. Za mu san yadda za mu yi."

Babban asibitin birni kuma ya ce shi na masu warkewa ne ko masu mutuwa, ba ya ajiye na tsakiya.

Ana haka aka kira ni taro. A gefen gadonsa aka yi, da hantsi, domin ƙa'idarsu ita ce ba a yanke wa mai hankali shawara a bayan idonsa. Akwai likita, akwai wata jami'a 'yar Sudan mai kula da al'amuran marasa lafiya da iyalansu, sai ni, ɗan'uwa kuma tafinta. Na kira gida ta bidiyo, na jingina wayar da jug ɗin ruwa yadda za su gan shi. Yaya Asabe ta cika fuskar wayar da lulluɓinta, Nura na tsaye a bayanta. Jami'ar ta yi bayani da Turanci a hankali, ni kuma ina juyawa. Ta ce aikin Yaya ya ƙare, kamfaninsa ba zai ci gaba da riƙe shi ba. Hanya biyu ce. In akwai waɗanda za su iya karɓarsa su kula da shi a gida, za a haɗa shi da nas a sa shi a jirgi, daga filin jirgi ya zama namu. In babu, zai ci gaba da zama a gadon nan a kan hukuma har a samu inda ya dace. Sannan ta yi tambayar, kuma ga ta yadda take, don na juya ta a kaina fiye da kowace jimla da na taɓa feɗewa a allo: shin akwai wani a gida da zai iya yi masa irin kulawar da ake yi masa a nan?

Na fassara daidai, ban rage ba ban ƙara ba. Amma kunnen Bahaushiya bai ji "irin kulawar" ba. Abin da ya ji shi ne, yana da kowa?

"Me take nufi? Daga sama ya faɗo?" in ji Yaya Asabe. "Gaya mata yana da mata, yana da 'ya'ya maza da mata, yana da dangi da za su cika wannan asibitin nasu har su rasa wurin tsayawa. Gaya mata ni na wanke uwarsa da hannuna, shi ne zan kasa? Ku ba ni mijina. In mutuwa ce ya mutu a ɗakina ina riƙe da kansa. Malam Nahawu, ka ji ni? Faɗa mata yadda na faɗa, kada ka sa mini Turancinka na gayu."

Jami'ar tana kallona tana jira. Likita ya duba agogo. Na buɗe baki ke nan sai ƙirjin Yaya ya fara wani gurnani kamar ana jan ruwa da tsinken shan lemo, fuskarsa ta yi duhu, hannunsa na hagu ya damƙi zanen gado. Nas ta shigo ba gudu ba, ta zura siririyar roba a bututun, na'urar bango ta yi ƙara, kafin ka ce kwabo numfashi ya dawo. Ta goge masa baki ta fita. A wurinta ba wani abu ne ya faru ba. Ni kuwa a tsayen da nake na ga hanyar garinmu daga filin jirgi, na ga sito a kulle, na ga Yaya Asabe da tsumma a hannu tana kallon wannan duhun fuskar tana kiran sunan Allah, babu abin da za ta zura.

Na juya ga jami'ar na ce mata da Turanci, babu kowa.

Ta ce, matar fa, me ta ce? Na ce ta ce tana son mijinta, kuma gaskiya ta faɗa. Amma amsar tambayarki, babu kowa.

Na manta, ko kuwa ban manta ba, cewa Turancin bai fi ƙarfin mai difloma ba.

"Baffa! No one ka ce? No one?" Muryar Nura ta fashe har wayar ta zame daga jikin jug ɗin. "Umma, cewa ya yi Baba ba shi da kowa!"

Na ɗaga wayar na riƙe ta a hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na maimaita da Hausa, na ce na gaya musu babu wanda zai iya, kuma babu ɗin ne, har da ni. Na fara bayanin na'ura da wuta.

"Dakata," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "A gabansa ka faɗa?"

"A gabansa, Yaya."

"Juya mini wayar in gan shi."

Na juya. Yana kallon rufi, hawaye na gangarowa ta ido ɗaya zuwa cikin kunnensa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "To, Malam Isa. Allah ya saka." Ta kashe. Likita ya ce khalas, wato shi ke nan, aka tashi. Ban taɓa jin sunana ya yi mini nauyi kamar ranar ba.

Ya rayu a gadon nan fiye da yadda likitoci suka zata, azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Ba zan ce muku na san abin da ke ransa ba. Watannin farko in na shigo ranar Juma'a sai ya juya fuska bango, in zauna in karanta masa Kahfi ina kallon ƙeyarsa. Daga baya ya daina juyawa. Wata rana ya kama yatsana da hannun hagu ya matse har ya yi mini zafi, kuma har yau ban san ko godiya ce ko duka ba ne, don ƙarfin da ya rage masa ke nan na yin kowanne. Nakan kira gida in riƙe masa waya, su yi ta yi masa hira, jikoki su yi masa waƙar Islamiyya. In fuskata ta gifta sai a yi shiru har in kauce. Na nemi a ba Yaya Asabe bizar ziyara, aka ce matsayin aikin mai gadi bai kai ya gayyato kowa ba. Na roƙi kafil ɗina, ya ce inshallah, irin inshallah ɗin da ni da shi muka san fassararta.

Ya cika ranar aiki, da azahar, ina tsaye a bakin ƙofar gilashi a West Bay. Kafin a samo wanda zai karɓe ni, kafin in samu mota, an riga an rufe shi da farin zane. A Doha muka binne shi. Fuseini ya tattaro mutanen Zango, direbobi da masu gadi 'yan Arewa suka zo da rigunan aikinsu, aka yi sahu mai kyau.

Cikinku yanzu akwai nas, akwai mai aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, akwai ma wanda na ji yana liƙa fosta yana neman kansila. Ba wasiyya nake ba ku ba. Ina dai so ku sani, da a ce akwai ɗaki ɗaya a asibitin garinmu mai wuta da ma'aikata, wanda hukuma ta ware don masu ciwon da ba ya tafiya, da tambayar nan ba ta da wuya, da na sa yayana a jirgi da hannuna. Zaɓin da aka ba ni shi ne numfashinsa ko mutanensa. Na zaɓa masa numfashi ban tambaye shi ba, alhali yana da ido da zai iya ƙiftawa. Na yi tunanin tambayarsa. Na san abin da zai zaɓa, shi ya sa ban tambaya ba. In an sake mai da ni ɗakin nan, ina jin abin da zan yi ke nan, kuma wannan bai taɓa sa na yi barci mai daɗi ba.

Da kwangilata ta ƙare na dawo gida, kafin in sauke jaka na wuce gidan Yaya. Ta riga ta fita takaba. Na yi sallama, aka ce in shigo. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame, tana tsince shinkafa. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa kamar yadda ake amsa wa kowa. Na miƙa mata agogonsa da carbinsa, ta karɓa ta sa a cinya ba ta duba ba. Na shirya amsoshi da yawa a jirgi, na na'ura, na wuta, na biza. Ba ta tambayi ko ɗaya ba.

"Ya sha wuya?"

"Sun ce a'a. Kamar barci."

"Sun ce." Ta ɗago ta dube ni. "Wa ya laƙƙana masa kalmar shahada?"

Na dubi agogon da ke cinyarta.

"Wa ya shafe masa ido, Malam Isa?"

"Nas ɗin da ke aiki ranar. Ni ina bakin aiki, Yaya. Ban iso ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta mai da ido kan farantin shinkafarta, ta ɗauke wata tsakuwa ta jefar.

"Ashe gaskiya ka gaya musu," in ji ta.

Sannan ta kira wata jikarta ta ce a kawo wa baƙo ruwa.